Gidan Ruhubanawa a Gindin Dutsen Musa: Ziyarar Tsakiyar Sanyi



Yau Masar za mu. Za mu bar Alƙahira da dalar Fir'auna da Kogin Nilu a baya, mu kurɗa ta ƙarƙashin mashigin Suwez, mu bi gaɓar teku mu yi kudu, mu karya hagu ta Wadi Firan, mu yi ta hawa har mu isa wani ƙuntataccen kwari a kudancin yankin Sina'i. Tafiyar awa shida zuwa bakwai ce a mota, in shingayen jami'an tsaro ba su riƙe mutum ba. A kwarin nan akwai wata ganuwa ta jan dutse. A cikinta akwai ruhubanawa Kirista, yawancinsu Girkawa, waɗanda yau ba su fi ashirin da 'yan kai ba. Magabatansu sun shiga ganuwar nan tun kafin a haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma daga wancan zamani zuwa yau ba a taɓa rushe ta ba. Gidan Santa Katrin ke nan, ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen zuhudu na duniya da har yanzu ake ibada a cikinsu.

Bari in ajiye muku da'awata tun da wuri, don mai son ja da ni ya fara shiri. Kaurin ganuwa bai isa ya raya gida shekara 1,400 da ɗoriya ba. Abin da ya raya wannan gida shi ne amanar maƙwabtan da addininsu ya saɓa da nasa. Asarar da ya yi kuwa, wadda ta fi ciwo, ta zo ne ta hannun masu cewa suna ƙaunarsa. Kuma na zaɓi in kai ku a tsakiyar sanyi ne saboda a lokacin ake ganin wa ke dogara da wa a wannan kwari.

Mu a nan in an ce sanyi, hunturu muke nufi: hazo da ƙura da kaushi, leɓe ya tsage, da hantsi ya dubi ludayi a tuɓe rigar sanyi. Na can daban yake. Garin Jos da muke tsoron ɗarinsa yana kan tudu mai kimanin mita 1,200. Gidan Santa Katrin ya haura mita 1,500, kuma shi ne a ƙasan kwari. Dutsen da ke kansa, Jabal Musa, mita 2,285 ne. Maƙwabcinsa Jabal Katrin ya zarce mita 2,600, babu wanda ya kai shi a duk ƙasar Masar, har ya ɗara Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. Iskar wurin busasshiya ce ƙayau, da rana ta faɗi ɗumin da duwatsu suka tara sai ya tsere sama. Tsakanin Disamba da Fabrairu ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da sifiri cikin dare, ruwa ya kwana ya daskare, dusar ƙanƙara ta lulluɓe kawunan duwatsu, wata shekarar ta sauko har rufin cocin. Ga shi kwarin matsattse ne, rana ba ta leƙo shi da wuri, kuma tun la'asar inuwa ta cinye shi.

Duk almajirin da ya yi tilawar Ɗaha ko Namli ko Ƙasas ya san labarin. Annabi Musa, alaihis salam, ya taso daga Madyana da iyalinsa, ya hango wuta a gefen dutse, ya ce su dakata ya je ko ya samo labarin hanya, ko ya ɗebo musu garwashi su ji ɗumi. Malaman tafsiri suka ce dare ne mai duhu da tsananin sanyi, ga ɓatan hanya. Muna karanta wannan a zaure da fanka a kanmu, mu wuce. Amma wanda ya tsaya a kwarin nan a watan Janairu da tsakar dare, yatsunsa sun ƙage har ba ya iya ɓalle maɓalli, zai gane dalilin da ya sa magidanci zai bar iyali cikin duhu ya nufi wata 'yar wuta da ya hango can nesa. Zai kuma gane nauyin umarnin da aka yi masa na ya tuɓe takalmansa. Masana sun saɓa a kan ko wannan dutsen ne ainihin Ɗur ɗin da littattafai suka ambata, wasu sun kai shi arewacin Sina'i, wasu sun tsallaka da shi ƙasar Saudiyya. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, tun ƙarni na 4 mutane suka tsayar da zuciyarsu a kan wannan, suka yi ta zuwa.

Cikin na farko-farko da suka rubuta labarin zuwansu akwai wata mata mai suna Ijeriya, daga yammacin Turai. Masana sun ƙiyasta cewa a watan Disamba na shekarar 383 ta hau dutsen, da ƙafa, domin hawan ya fi ƙarfin abin hawa. Ta tarar da masu zuhudu warwatse cikin koguna da 'yan ɗakuna, da wani ƙaramin coci da lambu a gindin wata bishiya da suka ce ita ce wadda Musa ya ga tana ci da wuta. Ku lura, mace ce, a tsakiyar sanyi, shekara 1,600 da suka wuce. Samarin da ke bayan zauren nan su ji.

Waɗannan masu zuhudu sun sha hare-hare, shi ya sa Sarkin Rumawa Jastiniyan ya sa aka gina musu ganuwa da babban coci. Mun san lokacin ginin kusan daidai, saboda a jikin azarorin rufin cocin, waɗanda har yau su ne na asali, an sassaƙa addu'a ga sarkin yana raye, da addu'a ga matarsa Tiyodora a matsayin marigayiya. Ita ta rasu a 548, shi a 565, to ginin yana tsakani. An kuma sassaƙa sunan maginin, Istifanus mutumin Aila, wato Aƙaba ta yau. Duk wanda ya san yaƙi zai ce an zaɓi mummunan wuri. An kafa kagara a gindin dutse, inda mai kibiya zai tsaya daga sama ya ga duk abin da ke tsakar gida. Amma ba su da zaɓi, nan bishiyar take, nan kuma akwai rijiya. Tun ranar farko, ke nan, gidan nan ba zai iya kare kansa da ƙarfi ba.

Mai ziyara yana shiga ta wata ƙaramar ƙofa, ya faɗa cikin lunguna matsattsu, gini kan gini, na zamanin Rumawa da na jiya duk a cakuɗe. Zai ga rijiyar da suke jingina wa Annabi Musa. Zai ga bishiyar, wadda a gaskiya sarƙaƙiya ce mai ƙaya, ta zubo kan wata katanga, kore shar ko da sanyi. Maziyarta sun daɗe suna yi wa ruhubanawa ba'a saboda tukunyar kashe gobara da aka ajiye kusa da ita. A ƙuryar cocin akwai ɗan ɗakin da aka gina a ainihin gurbin bishiyar, wanda ba kowa ake bari ya shiga ba, kuma wanda aka bari sai ya tuɓe takalmi, komai sanyin daɓen. Su mazauna gidan suna tashi tun kafin asuba, su tsaya awanni cikin wannan coci na dutse suna karatu da hasken fitilun mai. Ba ƙararrawa kaɗai ke kiransu ba, akwai wani dogon katako da ake bugawa da guduma, al'adar da ta girmi ƙararrawa a wurinsu. A lambun waje akwai ɗakin ƙasusuwa. Ƙasar binnewa ta yi ƙaranci a wannan dutse, don haka in mamaci ya yi 'yan shekaru sai a tono ƙasusuwansa a jera su tare da na magabata, a bar kabarin ga na baya.

Yanzu ku ɗaga kai. Kusa da hasumiyar ƙararrawa, wadda aka gina a 1871, akwai wata farar hasumiya. Ta masallaci ce. Masallaci a cikin ganuwar ruhubanawa, taku kaɗan daga ƙofar coci. Wani tsohon gini ne aka mayar masallaci a zamanin Faɗimiyyawa, kuma mumbarinsa na katako yana ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1106. Wasu na cewa ruhubanawa sun yi shi ne don tsoro, saboda ba a manta da Halifa Alhakim ba, wanda ya rushe babban cocin Ƙudus a 1009. Wasu na cewa an yi shi ne don Musulmin da ke yi wa gidan hidima da matafiya. Ni ban ga abin da ya hana duka biyun zama gaskiya ba. Zaman tare ba kullum yake farawa da ƙauna ba, wani lokaci da lissafi yake farawa, ƙaunar ta biyo baya in an daɗe.

Sai takardar alkawari. A ɗakin kayan tarihi na gidan akwai kwafin wata takarda mai hoton tafin hannu, wadda ruhubanawa suka ce Manzon Allah ne ya ba su, Sayyidina Ali ya rubuta. Abin da ta ƙunsa shi ne kada a kori rahibi daga wurin ibadarsa, kada a rushe coci, kada a ɗora musu haraji ko a tilasta musu fita yaƙi, kada a hana matar Kirista da ke auren Musulmi zuwa cocinta. Suka ce ta asalin Sarkin Daular Usmaniyya Salim na Ɗaya ya tafi da ita Santambul bayan ya ci Masar a 1517, ya bar musu kwafi. Masana tarihi da yawa suna shakkar ingancinta, suna ganin an rubuta ta daga baya, kuma malaman hadisi da ke cikin zauren nan za su tambaye ni isnadi, ba ni da shi. To amma ga abin da ke hannu: gidan yana riƙe da ɗaruruwan takardun sarakunan Musulmi, na Faɗimiyyawa da Ayyubawa da Mamlukawa da Usmaniyyawa, suna jaddada kariya ga waɗannan mutane. Ko da an ce takardar ba ta inganta ba, sarakunan da ke da ikon yin watsi da ita sun zaɓi su ɗauke ta da gaske, ƙarni bayan ƙarni, domin ma'anarta ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Sun san wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar Sham cewa a ƙyale waɗanda suka tsare kansu a ɗakunan ibada. Sun san Suratul Hajji ta lissafa irin waɗannan ɗakuna cikin wuraren da Allah Yake kare su daga rushewa, duk da cewa Suratul Hadid ta ce ruhubananci ƙagensu ne, ba a wajabta musu ba. Ana iya ƙin hanyar mutum a kuma tsare masa ƙofa.

Wannan kariya ta haifar da wani abin mamaki. Daga wajen 726 zuwa 843, in ban da ɗan hutu a tsakani, sarakunan Rumawa Kirista sun shiga farfasa hotunan ibada a daularsu, suna cewa bautar gumaka ce. Kusan duk tsofaffin zane-zanen Santambul sun salwanta. Sina'i kuwa tana hannun Musulmi tun wajen 640, hannun sarkin Rum ba ya kaiwa. Shi ya sa zanen Annabi Isa da aka yi da kakin zuma a ƙarni na 6, da 'yan'uwansa kaɗan, a nan suka tsira. Masu haramta hoto suka zama inuwar hotuna, masu hoton suka ƙone nasu.

Amma takardar sarki tana Alƙahira, sanyi yana kwari. Wanda ke kawo itace da gari da labarin hanya shi ne maƙwabci, kuma maƙwabtan gidan nan su ne Larabawan ƙauye da ake kira Jabaliyya. Su da kansu suna cewa kakanninsu mutanen da Jastiniyan ya turo ne daga ƙasashen Rumawa da Masar don su yi wa gidan hidima da tsaro. Daga baya suka musulunta, suka yi auratayya da Larabawa, amma ba su bar aikin ba. Su ne masu gadi da masu toya burodi da masu raƙuma da 'yan jagora, kuma a hannunsu hidimar masallacin take. Gidan ya daɗe yana raba musu burodi, yana ba su magani. Kada in yi muku ado da yawa: an sha yin rikici. Akwai zamanin da aka toshe babbar ƙofa ɗungurungum, baƙo da kayansa sai dai a jawo su da igiya ta wata taga can saman ganuwa, kuma rumfar katakon da ake jawo su tana nan har yau. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Sai dai kowace rigima ta ƙare da komawa ga tsohon tsari, saboda kowane ɓangare ya san ba zai kai bazara shi kaɗai ba.

Dusar da ke wahalar da baƙo ita ce arzikin Jabaliyya. Jan dutsen ba ya shan ruwa, sai ya tura shi cikin tsaguna da ƙananan kwaruruka, rijiyoyi su cika. A can suke da ɗaruruwan lambuna kewaye da katangar dutse, da zaitun da rumman da inabi da ɓaure da tuffa, irin 'ya'yan itacen da ke buƙatar sanyi kafin su yi fure. Shekarar da dusa ba ta sauka ba, rijiyoyi kan ja baya.

Mu shiga ɗakin littattafai, don a nan rabi na biyu na da'awata yake. Akwai rubuce-rubucen hannu kimanin 3,300 a tsohon tarin, cikin Girkanci da Larabci da Suryananci da harshen Jojiya da na Habasha da wasu. Akan ce in ban da fadar Fafaroma babu inda ya fi shi. Cikin na Larabci akwai fassarar wasiƙun Sabon Alkawari da aka yi a Dimashƙa a 867. Busasshiyar iska da sanyi da nisa daga gari su suka adana su, ba gara, ba laima.

A 1844 wani masani Bajamushe, Konstantin Tishendof, ya iso. Ya ga wasu fatu masu tsohon rubutun Girkanci, ya ce a kwandon shara ya same su ana shirin hura wuta da su. Ruhubanawa har gobe suna ƙaryata wannan, kuma ni ma ina da tambaya, domin fata ba ta ci da wuta yadda takarda ke ci, sai ƙauri. Ya tafi da warƙa 43 zuwa Laifzig. A 1859 ya dawo da goyon bayan Sarkin Rasha, aka nuna masa sauran, sai ga shi kundin Baibul ne na ƙarni na 4, mai ɗauke da cikakken Sabon Alkawari mafi tsufa da aka sani. Ya karɓa aro don ya kwafa, ya sa hannu a takarda cewa zai mayar. Takardar tana gidan, kundin bai dawo ba. Gaskiya ne a 1869 shugabannin gidan sun sa hannu cewa sun ba Sarkin Rasha kyauta, aka ba su kuɗi da lambobin girma, amma sun yi haka ne suna cikin rikicin naɗin shugaba, suna neman alfarmar Rasha. A 1933 gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta sayar da shi ga Ingila a kan fam 100,000. Yau littafi ɗaya ya kasu gida huɗu, mafi yawansa a Landan, kuma sai a 2009 aka haɗa hotunansa a intanet. Mutumin nan ba maƙiyi ba ne. Kirista ne, masani ne, yana son littafin har ransa. Abin da mahara ba su ɗauka ba a shekara 1,300, masoyi ya ɗauka da rasit.

Ku gwada shi da wasu tagwaye mata 'yan Sikotlan, Agnes Lewis da Margaret Gibson. A watan Fabrairu na 1892 suka iso kan raƙuma bayan tafiyar kwanaki daga Suwez, suka kafa tanti a lambu cikin wannan ɗari. Sun iya Girkancin zamani, suka zauna da ruhubanawa suka yi hira da su a matsayin masu gida. Aka buɗe musu wani ɗaki mai duhu, Agnes ta lura da wani littafi na tarihin waliyyai mata, ta ga akwai wani rubutu dishi-dishi a ƙarƙashin na sama. Linjila ce cikin Suryananci, ta wajen ƙarshen ƙarni na 4. Fata tana da tsada a da, don haka akan kankare tsohon rubutu a yi sabo a kai, kamar yadda almajiri ke wanke allo ya sake rubutu, amma in ka karkata shi ga haske ka ga inuwar karatun jiya. Matan nan suka ɗauki hoton kowane shafi, suka bar littafin a inda suka same shi. Ilimi ya samu abin da yake nema, gida bai rasa komai ba.

Irin waɗannan fatu sun haura 160 a gidan. A 1975 ana gyara bayan wata gobara aka faɗa kan wani ɗaki da ya rufta a cikin ganuwa, cike da rubuce-rubucen da aka manta. Daga cikinsu wani masani ɗan Jojiya, Zaza Aleksidze, ya gano rubutun wani harshe na yankin Kokesas da ya ɓace, wanda kafin nan kusan haruffansa kawai aka sani. Tsakanin 2011 da 2016 aka ɗauki hotunan 74 daga cikin fatun da na'urori masu haske iri-iri, rubutun ƙasa ya fito, har da na likitancin tsofaffin Girkawa. A gidajenmu na Kano da Katsina da Sakkwato da Agadas akwai gafakoki da adakoki cike da rubutun kakanni, kuma mai zuwa neman su yakan zo da murmushi da takardar shaida. A ba shi hoto, a riƙe asali.

Na ga shugaban zama yana duban agogo, ga shi ba mu hau dutsen ba.

Hanya biyu ce. Akwai ta raƙuma, mai kwana-kwana, wadda ta fi sauƙi. Akwai matakalar tuba, matakai kimanin 3,750 na ɗanyen dutse, da aka ce wani rahibi ne ya jera su. Duka biyun suna haɗuwa kusa da wani fili da ake jingina wa Annabi Iliyasu, daga nan saura matakai wajen 750 da babu raƙumin da ke hawa. A ƙololuwa akwai ƙaramin coci da aka sake ginawa a 1934, da ƙaramin masallaci a gefensa. Al'adar yanzu ita ce motoci su kwaso mutane daga otal-otal na bakin teku da daddare, a fara hawa wajen ƙarfe ɗaya ko biyu, a isa kafin fitowar rana. 'Yan'uwanmu Kirista na Nijeriya sun daɗe suna haɗawa da wannan dutse in sun je ziyarar Urushalima, mai yiwuwa akwai wanda ya hau a cikinku. Jabaliyya suna da rumfuna a hanya, suna sayar da shayi, suna ba da hayar bargo. Wanda ya raina bargon a ƙasa, a sama zai biya ko nawa aka ce.

Ra'ayina shi ne, da sanyi wannan hawan dare wauta ce. Ruwan da ya narke da rana yana daskarewa kan matakai, mutum ya taka santsi cikin duhu. Ya isa sama jiƙe da gumi, ya zauna jiran rana, gumin ya koma masa ƙanƙara. Ya sauko a galabaice, a tura shi cikin gidan tare da ɗaruruwan mutane, ya yi minti talatin, ya ɗauki hoton bishiya, ya koma mota ya yi barci. Bai ga dutsen ba don duhu, bai ga gidan ba don gajiya. Kuma dutsen ba ya wasa. A watan Fabrairu na 2014 guguwar dusa ta rutsa da wasu matasa 'yan Masar a tsaunukan yankin, wajen Babud Dunya, huɗu daga cikinsu suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Dokar da ta ce kada a hau sai da ɗan jagora daga mutanen wurin, ba don a ci kuɗin baƙo aka yi ta ba.

Wannan ya kawo mu ga masoyi na ƙarshe. Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Daga 2020 gwamnatin Masar ta ɗauko wani gagarumin aiki da ta kira Attajallil A'azam, na mayar da garin cibiyar yawon buɗe ido: manyan otal-otal da tituna da kasuwanni da faɗaɗa filin jirgin sama. An cika filin Raha da gine-gine, filin da al'ada ta ce nan Bani Isra'ila suka yi zango suna jiran Musa. An tashi wata maƙabartar Jabaliyya. A 2023 UNESCO ta nemi a dakata a auna ɓarnar. A watan Mayu na 2025 wata kotu a Isma'iliyya ta yanke cewa filayen na gwamnati ne, ruhubanawa haƙƙin amfani kawai suke da shi, har ƙasar Girka ta tada jijiyar wuya, hukumomin Masar suka ce babu abin da zai taɓa gidan. Na san Masar tana buƙatar kuɗin shiga, kuma saurayin Jabaliyya yana da haƙƙin samun aiki da wutar lantarki da asibiti kamar kowa. Amma abin da ke kai mutum wannan kwari shi ne nisa da shiru da wahalar isa, kuma su ne ake rushewa don a sauƙaƙa wa mai zuwa nemansu. A ganina wannan aiki ya fi na Tishendof muni, domin littafi ana iya ɗaukar hotonsa a mayar.

Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu da ke karatu a Azhar da sauran jami'o'in Masar, da 'yan kasuwa da masu zuwa asibiti da Allah Ya ba su sauƙi da sarari: ku je tun wurin yana kama da kansa. Hukuncin shiga coci na bar wa malamai, amma kwarin da dutsen da ɗakin tarihi babu wanda ya hana ku. Hutun tsakiyar shekara yana faɗawa ƙarshen Janairu, ya yi daidai. Ku kwana biyu a garin, a masaukin mutanen wurin. Ku tafi da rigunan sanyi wata kan wata, da safar hannu, da takalmi mai kama ƙasa. Gidan yana buɗewa da safe wajen ƙarfe 9, a rufe kafin azahar, kada ku sa rai da Juma'a ko Lahadi ko ranakun idinsu. Ku shiga da sutura ta kamala, ku rage murya, gidan mutane ne. In kun fito ku hau dutsen da rana tsaka, ku sauko kafin magariba. Ku ɗauki ɗan jagora Bajabale, in ya ce yau ba a hawa to ba a hawa, kuma ku biya shi haƙƙinsa ba tare da ciniki ba.